Dashen ciki: abubuwan da suka nuna min zai zauna da waɗanda ba su nuna komai ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da cikina ya fito mata ke ta tare ni da tambaya iri ɗaya, a makaranta, a gidan biki, har a layin awo, wai Anti ta yaya kika gane dashen ya kama, amai kika fara ne ko nono ne ya yi nauyi. Ni kam malamar makaranta ce a nan Gombe ba likita ba, amma abin ya bi ta kaina kuma na cika likitoci da tambaya har sai da suka gaji da ni, to amsar ita ce ba a jiki ake ganewa ba. Jini da sikanin ne suke faɗa, su ma ba a rana ɗaya suke faɗa ba, kaɗan-kaɗan suke sakin labarin.

Mun haura shekara goma da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ba sai na tsaya lissafa rubutu da saiwoyi da maganin sanyi da na sha ba, duk wadda ke cikin wannan halin ta san su. Sai da aka yi min hoton nan da ake tura ruwa ta mahaifa, HSG, mai ɗan karen ciwo, sannan aka ga hanyoyin ƙwan duka biyu a toshe suke, ta hagu ma ta kumbura ta tara ruwa. Maigida shi ma an gwada shi, nasa ba laifi. Likita ya ce Hajiya ko shekara nawa za ki yi kina shan magani ƙwai ba shi da hanyar da zai bi ya haɗu da maniyyi, sai dai IVF, wato dashen ciki, a haɗa ƙwai da maniyyi a leb sannan a dasa ɗan tayin a mahaifa.

Maigida bai ce komai ba sai da ya je wajen malaminsu. Malam ya ce masa malamai sun daɗe da gama wannan magana, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kai a Amman a 1986, in dai ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma a mahaifarta za a mayar suna cikin aurensu to ya halatta, na aro ne babu. Wannan ya yi mana amfani daga baya don a asibitin sun kawo mana zancen ƙwan wata, muka ce a'a mun gode. Goggonsa ce ta fi tada hankali, wai ɗan kwalba ai ba cikakken mutum ba ne. Na ce Goggo wadda aka fara haifa ta wannan hanyar, Louise Brown, tun 1978 aka haife ta a Ingila, yanzu ita ma uwa ce da 'ya'yanta, a nan Abuja ma tun 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi aka haifi yarinya lafiya lau. Ta ce to Allah ya kyauta. Aka sayar da fili a Tumfure, na haɗa da sarƙata da kuɗin adashi, muka nufi Abuja na sauka gidan Addata, wato yayata.

Tambayar farko da likitar can ta yi min ita ce shekaruna. Na faɗa, sai ta ɗago ta kalle ni ta ce Hajiya na haihuwa nake tambaya ba na takardar aiki ba. Muka yi dariya, na ce 37. Ta ce duk gwajin da za mu yi babu wanda ya kai wannan lambar nauyi, domin mace da ƙwanta ake haifarta, wajen miliyan 1 zuwa 2, kafin ta fara al'ada sun dawo dubu 300 zuwa 400, kuma ba a ƙera sabo, raguwa kawai suke suna tsufa tare da ke. Daga 35 ingancin yana fara sauka da sauri, bayan 40 kam abin sai addu'a. Ɓari ma haka yake bin shekaru, 'yar ƙasa da 30 wajen ciki 1 cikin 10 ne ke zubewa, daga 35 zuwa 39 yana kaiwa 2 cikin 10, wadda ta haura 45 fiye da rabi. Abin da ya fi ƙona min rai kenan har yau, shekarun da aka yi ana ce min ki yi haƙuri lokaci ne, alhali lokacin ne yake cinye ƙwan.

Sai gwajin jini da ake kira AMH, da ƙirga ƙananan ƙwayaye a sikanin. Mata a guruf ɗinmu na WhatsApp sun ɗauki AMH kamar shi ne hukuncin ƙarshe, wadda nata ya yi ƙasa sai kuka. Nawa 1.4 ne. Likita ta ce min AMH buhunan da suka rage a sito yake ƙirgawa, ba ya kwance buhu ya duba ko waken ya yi ƙwari. Da shi suke sanin yawan allurar da za su ba ki da ƙwai nawa za a iya samu, amma 'yar shekara 28 mai ƙaramin AMH sau da yawa ta fi 'yar 41 mai babba samun ciki mai zama.

Kafin a fara komai sai da aka yi min aiki da kyamara ta cibiya aka cire hanyar nan mai ruwa. Na yi gardama sosai don kuɗi ne kuma jinkiri ne, ta ce ruwan yana tsiyayowa cikin mahaifa yana hana ɗan tayi maƙalewa, yana iya rage damar da kusan rabi, in na ƙi to kuɗin dashen nake wasa da shi. Duk wadda aka ce tana da ruwa a hanya ko ƙari a cikin ramin mahaifa, ta tsaya a gyara tukuna.

Allurai kam ba wani dogon labari, kullum a fatar ciki kusan kwana goma zuwa sha biyu, ana leƙawa da sikanin ana auna girman ƙwayayen. Ta ƙarshe ce mai ƙa'ida, wadda ke nunar da ƙwan, an ce ƙarfe tara na dare to tara ɗin ne, domin bayan awa 36 za a kwashe. An samu ƙwai 9, Adda har da guɗa. Washegari aka kira aka ce 7 ne suka nuna, 5 suka haɗu da maniyyi, zuwa kwana na 5 saura 3. Na ɗauka asara aka yi, ashe haka abin yake tafiya ga kowa, a kowane mataki sai an zubar, kuma wanda ya iya kaiwa kwana 5 a leb ya riga ya tsallake siraɗi ɗaya, shi ya sa ya fi na kwana 3 alamar kamawa. Suna ba su maki, lamba da harufa biyu, nawa ɗaya 4AA sauran biyun BB. Na tambayi mai kula da su ko AA ɗin tabbas ne, ya ce Hajiya mu sura kawai muke gani a madubi, abin da ke cikin ƙwayar halittarsa ba ma ganinsa da ido, mai kyau yana iya ƙin kamawa mai matsakaici ya zama jariri. Sai kaurin bangon mahaifa, sun fi so ya kai milimita 7 zuwa sama, nawa 9 ne.

Aka saka AA ɗin aka daskarar da biyun. Dashen kansa ko minti goma bai kai ba, wahalarsa kawai riƙe fitsari. Na tambaya kwana nawa zan yi a kwance, ta ce ki tashi ki tafi, an gwada an ga kwanciya ba ta ƙara komai, ba zai faɗo don kin yi tafiya ko kin shiga banɗaki ba. Dada, mahaifiyata, da ta ji na biyo mota ta Jos da Bauchi da Alkaleri na dawo gida kamar ta yi kuka a waya, ta zo ta tare a ɗakina ta hana ni ko ɗaukar buta.

Kwanakin jiran nan su ne azabar. Ana ba ki furojestaron, maganin da ke taimaka wa mahaifa riƙe ciki, nawa Cyclogest ne na cusawa safe da dare, kuma a zafin Gombe narkewa yake yi a cikin takardarsa, ga wuta ba tabbas, sai na ƙulle shi a leda biyu na saka a kwano na ɗora a kan ruwan randa. Maganin nan shi kansa yana kawo duk alamomin da kuke tambaya, nono ya cika ya yi ciwo, kasala, barci, kumburin ciki, murɗawar mara. A dashen farko babu wadda ban ji ba, har warin girki na daina so, Dada tana ta murmushi tana cewa ai na gani a idonki. Tsinken gwaji na kemis ma yana ruɗi, domin allurar nan ta ƙarshe sau da yawa hCG ce a cikinta, sinadarin da tsinken yake nema kenan, tana iya kai kwana goma ko fi a jiki. Akwai wata a guruf da ta gwada da wuri ta ga layi biyu har ta yi sadaka, ashe allura ce.

Ranar da aka sa min na je aka ɗebi jini, beta hCG, ya fito 38. Na tura wa nas ɗin can, ta ce akwai ciki amma lambar ta yi ƙasa, mun fi son ganin 100 zuwa sama a irin wannan ranar, ki maimaita bayan awa 48. Na maimaita ya dawo 21. Shi kenan, bayan 'yan kwanaki jini ya zo kamar al'ada mai ɗan yawa. Ɗan tayin ya fara maƙalewa ya saki sinadari sannan ya tsaya tun kafin a iya ganinsa a sikanin. Dangi kowa da nasa, wasu hanyar mota, wasu baki, wata ma cewa ta yi don na ci yaji. Likita ta ce kusan rabin ɓarin farkon ciki daga ƙwayar halittar ɗan tayin ne, lissafin bai cika daidai ba tun ranar haɗuwa, ko a kan auduga aka kwantar da ni ba zai zauna ba. Ta ƙara da cewa ko ba komai mun ga mahaifar tana karɓa. A lokacin kam maganar ba ta shige ni ba.

Da na huta muka koma ɗaukar na firji. A nan aka yi muhawara, guda ɗaya ko biyu. Mu nan kowa addu'ar tagwaye yake, an biya kuɗi sau ɗaya an samu biyu, amma likita ta ce cikin tagwaye ya fi zuwa da haihuwar bakwaini da hawan jini, ita ɗaya ta fi so. Saboda shekaruna da makinsu aka daidaita a kan a saka duka biyun.

Wannan karon wallahi ban ji komai ba. Babu amai babu kasala, ina zuwa makaranta ina rubutu a allo, har na gama sallamawa na ce wa maigida Alhaji kar ka sa rai. Jini ya fito 246. Nas ta ce Alhamdulillah amma kar ki yi shela tukuna, lamba ɗaya ba ta isa ba, tafiyarta muke kallo, kuma ki koma leb ɗin da kika yi na farko kar ki canza domin injinan ba bakinsu ɗaya ba. Bayan awa 48 ya zama 530. A farkon ciki mai lafiya lambar tana ninkawa ne cikin awa 48 zuwa 72, ko ba ta ninka cif ba in ta ƙaru da fiye da rabi ba a cire rai. Wadda ke sauka ta tafi. Wadda ke jan ƙafa, yau 200 jibi 230, ita ce mai ban tsoro domin tana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma kar wata ta ce ai a mahaifa aka ajiye min shi da hannu, yana iya gangarawa cikin hanya, ni ma da hanya guda ɗaya ce ta rage min sai da aka ja min kunne. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ciwo a saman kafaɗa, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, asibiti kai tsaye.

Kuma kar ki gwada lambarki da ta wata. A guruf kullum ana haka, wance 900 ni 150 na shiga uku, alhali wata kwana 9 bayan dashe ta yi gwajin wata kwana 14, wata na kwana 3 aka saka mata wata na kwana 5. Mun ga wadda ta fara da 70 da 'yan kai ta haifi ɗanta. Babbar lamba tana iya nuna tagwaye amma ba dole ba. Sannan in lambar ta hau dubbai saurinta yana raguwa da kansa, daga nan ci gaba da ɗiban jini ɓarnar kuɗi ce da tada hankali, aikin ya koma hannun sikanin.

Ana saura kwana kaɗan ranar sikanin ɗina, bayan isha'i na shiga banɗaki sai ga jini, ja sosai ba ɗigo ba. Na fito na zauna a bakin gado na kasa magana, maigida yana ta Maman gida lafiya, Maman gida mene ne. Muka kira Abuja, nas ta tambaya akwai ciwo a gefe ɗaya, na ce babu, akwai guda-guda, na ce babu. Ta ce kar ki kuskura ki daina maganinki, da safe ki je a duba, zubar jini a farkon ciki ba baƙon abu ba ne kuma da yawa cikin yana nan.

Da safe muka je wajen sikanin a nan cikin gari. Abu biyu zan faɗa a nan don suna jefa mata cikin kuka a banza. Na farko, a wannan lokacin na kan ciki ba ya nuna abin kirki, sai na ƙasa wanda ake sakawa ta gaba, da kunya kam amma za ki iya neman mace ta yi miki, ni ma haka na yi. Na biyu lissafin sati. Matar ta tambaye ni yaushe rabonki da al'ada, na ce dashe ne, na ba ta ranar. Cikin dashe daga ranar dashen ake lissafi, in na kwana 5 aka saka miki to ranar nan kanta cikinki sati 2 da kwana 5 ne. In aka bi ta al'ada ana iya ce miki sati 8 ne kuma ba a ga abin sati 8 ba, a ce ya lalace, alhali shida ne da 'yan kwanaki.

Ta juyo min da fuskar injin. Baƙin kewaye ne kamar ƙwayar ido, ta ce wannan jakar ce, ita ake fara gani wajen sati 5. A cikinta wani ƙaramin zobe fari, ta ce wannan ne ke ciyar da shi kafin mabiyiya ta kama aiki, ganinsa yana tabbatar da cewa a mahaifa cikin yake. A jikin zoben sai wani ɗan tsinke, ta ja layi ta auna milimita 5, a tsakiyarsa abu yana ƙyafta-ƙyafta. Ta ƙirga ta ce bugun zuciyarsa ne, 118 a minti. Gefe kuma ga wata jakar ƙarama babu komai a ciki, da ɗan jini da ya taru a bayanta, ta ce ga inda jininki yake fitowa, na biyun ya fara ne bai ci gaba ba, jiki zai shanye shi. Na rasa murna zan yi ko kuka, na yi duka biyun, maigida yana waje yana jin sautina ya ɗauka an rasa ne gaba ɗaya.

Da na tura hoton Abuja likita ta kira ni da kanta. Ta ce a sati 6 bugun da ya haura 100 shi ake so, wanda ke ƙasa da haka ana sa masa ido, kuma tsawon ya yi daidai da kwanakinsa, in ya yi baya da sati guda ko jakar ta matse shi wannan ma ba alama mai daɗi ba ce. Sannan ta faɗa min abin da nake so kowace mace ta riƙe, ba a yanke cewa ciki ya mutu sai ɗan tayin ya kai milimita 7 babu bugu, ko jakar ta kai milimita 25 babu kowa a ciki. In bai kai nan ba a dawo bayan sati ɗaya ko fi a sake dubawa. Na san wadda aka ce wa ta shirya wankin ciki tun a sati 5 da 'yan kwanaki don ba a ga bugu ba, mijinta ne ya ce a ƙara jira, yarinyar yanzu tana rarrafe. Ni a ganina duk mai cikin dashe da aka ce mata wanki, ta tambayi milimita nawa aka auna kafin ta sa hannu a kowace takarda, sai dai in jini ne yake zuba ba tsayawa ko ana zargin na wajen mahaifa, wannan kam ba a jira.

Jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ya yi ta ɗigowa har ya ɗauke. A sati 8 aka sake dubawa bugun ya kai 165, ta ce haka ake so, yana hawa har wajen sati 9 sannan ya ɗan sauko, kuma daga an ga bugu mai kyau a wannan lokacin haɗarin ɓari ya ragu sosai duk da shekaruna ba su bari a ce ya ƙare ba. Amai sai a lokacin ya zo, ya zo kuwa da gayya, ko warin daddawa na ji sai na fita tsakar gida.

Abin da na fi tsoro bayan nan zazzaɓin sauro ne don damina ce, kullum cikin gidan sauro nake kwana, Fansidar ɗin rigakafi kuma aka ce sai an shiga sati 13, in na ji zazzaɓi in je a gwada kar in sayi komai a kemis. Folik asid tun kafin dashe nake sha. Furojestaron da ƙwayoyin estirojin ban tsayar ba sai da likita ta ce, wajen sati 12, domin a irin shirin da aka yi min na firji su ne ke riƙe da cikin kafin mabiyiya ta karɓa, wadda ta daina da kanta don ta ga lambarta ta yi kyau tana iya jawo wa kanta.

Daga nan Abuja suka sallame ni da takarda, na buɗe kati a nan Gombe ina awo kamar kowa, sai dai ana yawan duba min hawan jini da suga saboda shekaru. Ranar haihuwar da aka rubuta min daga ranar dashe aka lissafa ta, wani sikanin da na yi daga baya ya kawo wata rana daban da bambancin kwana huɗu, likitan awo ya ce a bar ta farkon, ta dashe ba a canza ta.